Musiliu, Mawaƙin Sababbin Motoci

Yaran da ke bangaje Baba Musiliu a bakin rumfar matarsa a Kasuwar Singa, suna ce masa "tsoho, matsa", ba su san wanda suke bangajewa ba. Laifin iyayensu ne, waɗanda suka yi ta rawa a gabansa har takalmansu masu tudu suka ɓalle, sannan suka yi kamar ba su taɓa jin sunansa ba.

A Fagge aka haife shi, iyayensa mutanen Ogbomosho ne, amma Hausar bakinsa ta fi ta wasu 'yan cikin birni. Bakanike ne a Sabon Gari, yana ɗan taɓa kalangu idan aiki ya yi sauƙi. A 1975 kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, suka faɗo, gari ya rikice. Masinja ya sayi babur, akawu ya sayi Fijo, wanda bai iya tuƙi ba ma ya saya ya ajiye a ƙofar gida yana kallo. Kuma duk wanda ya yi sabuwar mota sai ya yi mata wanka, wato ya tara jama'a a ci a sha a yi addu'a.

Nan Musiliu ya hango abin da ya ba shi haushi. Maroƙa suna zuwa suna wasa mai mota da kakanninsa, ita kuwa motar da ta ƙetaro teku tana tsaye ba mai ce mata sannu. Sai ya ajiye sifana. Ya jawo Cyprian, wani mai walda da ya iya jita, da Dabo, direban tifa, wanda ya kafe hon goma sha biyu a jikin allo ya jona su da batir. Suka sa wa kansu suna 'Yan Sabuwa Dal.

Mota kawai suke wa waƙa. Musiliu zai durƙusa gaban fitila ya kira ta da lambarta, ya yabi tayoyinta ɗaya bayan ɗaya har da safaya, Dabo yana amsa masa da hon. Mai motar yana gefe yana washe baki, ko sunansa ba a ambata ba. Har layi ake bi. Akwai wanda ya bar motarsa a rufe da tamfol wata biyu don ranarsa ba ta zo ba.

Doka ɗaya ce da shi: sai sabuwa. Kafin ya buɗe baki sai ya zura kai ciki ya shaƙa, ya shafa ledar kujera. In ba ƙamshin kamfani, sai ya rataya kalangunsa ya tafi.

"Baban Rukayat," in ji matarsa Falilat, "ka koyi yi wa mutane waƙa mana. Mutane ba sa ƙarewa."

"Mutum yana da sitiyari da gidan giya?" in ji shi.

To, a 1978 gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, sababbin motoci suka ɗauke. Wata bakwai 'Yan Sabuwa Dal ba su fita ba. Batirin Dabo ya mutu don zama. Cyprian ya zo ya faɗa masa ƙiri-ƙiri.

"Oga, coci suna nemana. In wannan watan ya wuce ba wasa, ni na tafi. Dabo ma ya ce tifa ba ta taɓa sa shi azumin dole ba."

Musiliu bai da abin da ya fi wannan ƙungiya, ya kuwa san in suka watse ba mai tara su. Ana haka sai ga saƙo daga Alhaji Tanimu mai gishiri na Kwaciri: ya yi sabuwa, a zo ranar Asabar bayan la'asar.

Unguwa ta cika. Mota fara sol, tana sheƙi. Musiliu ya zura kai ya shaƙa. Turaren wuta, fenti, da can ƙasa warin tsohuwar daddawa. Ya shafa kujera, ledar buhun sukari ce aka ɗinke da zare.

"Alhaji," ya ce a hankali, "wannan ai ta yi jika."

"Malam, waƙa aka kira ka ko binciken asibiti?"

Cyprian ya matso ya raɗa masa, "Oga, don Allah, yau kaɗai ka toshe hancin nan."

Musiliu ya dubi yaransa, ya dubi motar. Ƙarya ba zai yi ba, tafiya kuma ba zai iya ba. Sai ya shiga zagaya ta yana ƙwanƙwasawa, yana leƙa ƙasa, jama'a na jira. A zagaye na uku ya tsaya cak. Madubin hagu. Sabo ne fil, har da takardar kanti a bayansa.

Ya durƙusa gaban madubin ya saki kalangu. Wallahi bai taɓa waƙa irin ta ranar ba. Ya kira shi ɗan auta, ango a gidan tsofaffi, yaro mai haƙuri da aka haɗa da kakarsa. Ya roƙe shi kada ya duba baya da yawa, don hayaƙin da zai gani. Dabo ya aro batirin motar yana ta danna hon, mata suna guɗa, maza suna riƙe ciki. Aka kusa magariba bai taɓa ko taya ba.

Alhaji Tanimu ya sha kunu ya shiga mota zai bar wurin. Ta ƙi tashi, Dabo ya shanye batirin. Su ukun ne suka tura ta, da fararen kwat ɗinsu, har garejin Rijiyar Lemo, Alhaji yana ciki yana zaginsu ta taga.

A bakin garejin Cyprian ya goge zufa ya ce, "Oga, na gode da zama." Dabo ya ɗora allonsa a ka ya bi bayansa. Musiliu ya tsaya ya ga sun sha kwana, sannan ya juya wurin bakaniken garejin ya ce a yi wa madubin nan a hankali, don shi madubin ba ruwansa.