Farar Mesar Frauke Oltmanns

Frauke Oltmanns ta shekara ashirin da biyu tana tuƙa bas a Oldenburg, amma babu fasinjan da ya taɓa ƙure mata haƙuri kamar macizanta. Ƙananan mesar nan take kiwo, masu dunƙulewa kamar ƙwallo in sun tsorata.

Abin da ya ja ta ciki wata mesa ce da ta gani a kasuwar macizai ta Hamm, fara fat kamar madara, sai 'yan tabon ruwan ƙasa nan da can. Yuro dubu huɗu aka sa mata. Frauke ba ta da shi, sai ta sayi mace da namiji masu launin gama-gari, waɗanda ke ɗauke da farin a ɓoye cikin jininsu. Sai ɗa ya gaji abin ta uwa da ta uba kafin ya fito a fata, wato ɗaya cikin huɗu.

"Ɗaya cikin huɗu?" in ji yayanta Hinrich, mai kiwon shanun madara, ranar da ya zo shan shayi. "Ke, ni saniya ta yi min haka, ai mahauci zan kira."

"Yaya, sha shayinka ya huce."

Shekara uku ta yi tana jiran macen ta isa haihuwa. Uwar ɗakin kuwa da sanyi ya shigo sai ta yi yajin cin abinci wata biyar, ga ɓerayen da ake ciyar da ita da su sun cika firji har tsiran alade ba shi da wurin zama. Da ta ga dama ta saka ƙwai shida. Kwana sittin Frauke na duba zafin akwatin ƙyanƙyasa safe da yamma, suka fashe duk ruwan ƙasa, ko ɗigon fari babu. Shekara ta gaba ko ƙwai ɗaya ba ta samu ba. Sai a ta shida, cikin ƙwai bakwai biyu suka ruɓe, ɗaya ya tsage, farin kai ya leƙo. Frauke ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Kafin nan kuwa kowa ya ƙyanƙyashi irinta. Da ta kai ta Hamm, yuro ɗari biyu da hamsin ake sayar da su, ana ma roƙon mai saye.

Teburin da ke gefenta na wani kafinta ne, Torben Lüdeke, wanda bara-baran nan ya fara kiwon. Mutane sun yi cincirindo a kansa, kowa ya ɗaga waya. Tasa ma fara ce, amma tabon bayanta ya fito da ido biyu da baki, kamar fuska tana murmushi. Kafin rana ta take an saye ta dubu uku.

"Malam Lüdeke, wane jini ka haɗa?" in ji Frauke.

"Ni ma ban sani ba, Malama. Haka na buɗe akwati na gan ta."

Gaskiya ya faɗa, ita ce ma ta fi ƙona mata rai. Gado yana ba da farin, amma ba ya zaɓar inda tabo zai faɗa. Frauke ta ɗauko tata ta jujjuya ko za ta ga wata fuska. Hinrich, da ya rako ta da mota, ya leƙo ya ce, "Wannan ai dankali ne. Rubuta dankali, ƙila manoma su taya."

Can da yamma wani tsohon malamin makaranta ya taya ɗari da tamanin. Ta tsare shi da tambayoyi kan ɗumin ɗaki da girman akwati har ya fara gumi, sannan ta sallama a ɗari da casa'in.

A hanyar gida ta ce ta gama, ta wanke hannunta. Hinrich ya ce madalla, gobe zai sa mata iyayen a kasuwa.

"Wa ya aike ka? Kalli titi."

Yanzu mesa goma sha huɗu gare ta, kuma duk ranar Lahadi tana wanke akwatunansu tana yi musu faɗa.