Hannun da Baba Ya Naɗe Min

Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Gobe ne dambena na farko a garin Vénissieux, nan Faransa inda muke zaune. Tun da na ga wata gwarzuwar 'yar damben Kenya a tele na fara koyo, Baba bai taɓa cewa uffan ba.

Ina ta kai-komo, sai ya ce, "Miƙo hannunki." Ya naɗe min na dama da bandeji tam, ya saki.

Na ce, "Baba, hagun fa?"

Ya ce, "A Maraɗi hannu ɗaya muke ɗaurewa. Ɗayan na kare fuska ne."

Ashe Baba ya yi dambe, ban taɓa sani ba!

Har yanzu na kasa kwance naɗin nan. Ku fa, me kuka gano game da iyayenku a makare?