Lawal Ɗan Goggo, Mai Korar Jan-baki

Ina zaune bakin tashar Dutsin-Ma waya ta shigo. Wata murya da ban sani ba ta ce, "Kai ne Sani, ɗan'uwan Lawal? Jirginsu ya kife wurin sauka. Sai haƙuri, Allah ya karɓi abinsa." Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na hau mashin na nufi Makera, inda mahaifiyarsa take.

Lawal taubashina ne, ɗan Goggo Hajara, yayar mahaifina. Aikinsa shiga ƙaramin jirgin feshi, yana nuna wa matuƙi inda jan-baki ke kwana, kada tsuntsayen su cinye wa mutane gero. Ni kuwa tun muna yara aikina tsokanarsa. Kwandastan shaho nake ce masa, ko a gaban surukansa. Bai taɓa ɓata rai ba, sai ya ce, "Ci tuwon geron tukuna, Sani, ka zage ni a ƙoshe." In ya zo gida, sai ya bi ta Tamawa ta Kurfi ya gaida tsofaffin dangin mahaifinsa da goro kafin ya zauna.

Ya sha ba ni labarin filin da suke sauka can cikin daji. Daga damina zuwa damina ba mai taka shi sai shanu, ruwa ya zaizaye shi, gara ta gina suri a tsakiya. Sun yi ƙorafi har sun gaji, da kansa yake ɗaukar fartanya yana cike ramuka. Yakan ce, "Sama ba ta ba ni tsoro, ƙasar ce." Ranar da abin ya faru, an yi ruwa bayan tashinsu, wani tsohon rami ya buɗe, tayar jirgin ta faɗa ciki.

Da na isa Makera, na iske Goggo tana tankaɗe. Na durƙusa na faɗa mata. Ta yi dariya ta ce, "Ja'iri, wannan wasan bai yi daɗi ba. Tashi ka ɗebo mini ruwa." Na maimaita, ta ɗaga mini rariya. Sai na je na ɗebo ruwan, na ajiye, na zauna ban ce komai ba. Ba ta taɓa ganina na yi shiru ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kife rariyar a hankali.

Allah ya jiƙan Lawal, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Allah ya raya yaransa, ya tsaya wa matarsa Rabi, ya sanyaya zuciyar Goggo. Amin.