Rigar Sanyin da Ban Auna Ba

Keken saƙa ya shigo gidanmu a Tambuwal cikin buhun gishiri, naɗe da tsumma, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ƙanena ne ya kawo mini shi daga Kaduna, inda yake aiki a masaƙa. Wai matar wani Bature ce da za ta koma ƙasarsu ta bar wa kukunta, kukun kuma ya rasa yadda zai yi da shi. Da aka kwance tsumman sai da na ja da baya. Baƙin ƙarfe ne mai nauyi, zagayayye kamar bakin tukunya, allurai masu ƙugiya sun kewaye shi cirko-cirko, ga abin juyawa a gefe.

"Wanga abu ba ya cizo?" na tambaye shi.

"Yaya, in kin sa mishi yatsa, shina cizo," in ji ƙanena.

Ba mu da tebur, sai muka ɗora tsohon ƙyaure a kan turame biyu muka ɗaure keken a bakinsa. Ƙarfen da ake ratayawa a ƙasa don ya riƙa jan saƙar ya ɓace a hanya, na ɗauko ɗan dutsen niƙana na ƙulle a tsumma ya maye gurbinsa. Ƙanena ya saƙala ulu, ya ce in juya. Na juya a tsorace. Allurai suka shiga tashi suna zama, ƙas-ƙas-ƙas, sai ga saƙa tana saukowa ta ƙasa, doguwa, mai rami a ciki, ba ɗinki ko ɗaya. Wallahi guɗa na rangaɗa ban sani ba! Ni da na daɗe ina saƙar kwarashi, ina wuni a kan hular jariri ɗaya, yau ga abin da ya fi kamu guda ya fito kafin ruwan tuwo ya tafasa.

Kafin la'asar gidan ya cika da mata. Wata ta ce aljani ne a ciki, na ce to aljanin nan ya fi mijinta zuciyar aiki, aka kwashe da dariya. Kwanakin nan tuwona ya sha ƙonewa, maigidan ya yi magana har ya gaji. Safa nake zubawa: keke ya fitar da doguwar, ni in rufe bakin yatsu da kwarashi.

Ana cikin haka labari ya zo daga Kebbe. Ɗana na fari, wanda surukata ta ɗauka tun ranar yaye ta riƙe shi a can, ya samu gurbin koyon aiki a Jos, kuma ta Tambuwal zai biyo ya hau mota ranar kasuwa. Maigidan ya faɗi haka yana kallon bango, ni kuma na ji ina kallon murhu, don ɗan fari ne, ba a nuna an damu. Ban taɓa kiran sunansa ba. In ya zo gaisuwa da salla yakan durƙusa a bakin ƙofa, ni in juya baya in amsa ciki-ciki, kuma rabonsa da zuwa ma an jima. Amma Jos! Kowa ya san sanyin Jos, an ce har ruwan randa sai ya gagari hannu. Daga ranar ba abin da nake gani sai yaron nan yana rawar ɗari a garin da bai san kowa ba. Na ce a raina, ko ana ha-maza-ha-mata, ba zai hau motar nan ba rigar sanyi ba.

Na aika aka sayo mini ulu daga Sakkwato. Kore aka samo, don a shekarun nan kome na kanti kore ne da fari. Jikin rigar da kwarashi zan yi shi, hannuwan kuma keke zai fitar, tunda dama siffarsu ke nan. Sai maganar awo ta tsaya mini a wuya. Da zan iya aikawa Kebbe a kawo mini tsohuwar taguwarsa, da shi ke nan. To wa zan aika? In ce mene ne? Kafin taguwar ta iso, duk matan unguwa sun ji cewa ga marar kunya tana neman rigar ɗan fari. Sai na rufe ido na tuno shi. Abin da na samu shi ne wani siririn yaro mai dogon wuya, wanda na taɓa leƙe ta jikin zana yana bin ɗan akuya a tsakar gida. Na ce ai ya ɗan ƙara girma, na ƙara masa taƙi guda, har ina yaba wa kaina wayo.

Maƙwabta suka tambayi mai rigar, na ce ta sayarwa ce. Maigidan ya tsaya a kaina wata safiya ya ce, "Wagga riga ta saidawa, halan mai sayen Jos za shi?" Na ce ya matsa ya tare mini haske.

Kai, na ji daɗin aikin nan! Ina juya keke ina waƙa ƙasa-ƙasa. Na yi wa wuyan gewaye da farin ulu, na warware na sake don bai kwanta yadda nake so ba. Da na haɗa hannuwan da jikin na ɗaga ta sama, sai da na zagaya ɗaki da ita ni kaɗai.

Ranar kasuwa da hantsi suka iso, shi da kakarsa. Ina ɗaki na ji sallama da wata murya mai kauri, na ɗauka baƙo ne. Na miƙa wa surukata rigar na ce, "Inna, ga wannan, ko akwai mai so." Ta dube ni ta dubi rigar, ta fita tsakar gida tana kiran jikan nata da sunan wasan da take masa: "Maigidana, zo ka sa mu gani."

Sai na ji dariya ta tashi, har da ta maigidan. Na leƙa. Innalillahi! Wani zabgegen saurayi ne tsaye, har da gashin baki yana tsirowa. Jikin rigar ya shige shi da ƙyar, don saƙar kwarashi tana miƙewa, amma hannuwan sun tsaya kaɗan gaban gwiwar hannu. Kunya da takaici suka rufe ni, na ji kamar in jefa keken a rijiya. Ga shi an ce mota tana lodi, da azahar za ta tashi.

Surukata ta leƙo ɗaki ta ce, "Ke, haka za ki tura min miji Jos, hannu waje? Ɗauko kwarashinki."

Na ce mata ya tuɓe a miƙo mini.

"A'a. Da ka kika auna, ga abin da ya fito. Yanzu a jikinai za ki auna. Ni na ce."

Tunda ita ta ce, ba mai zagina. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar zana, ya zauna ya miƙo hannu yana kallon gabas, na zauna na ja mayafi ina kallon yamma. Na ɗebi idanun saƙar daga bakin hannun rigar na shiga zagayawa. Yatsuna gudu suke, kakar tana warware mini ulu tana yi mana tsiya, wai ta ga maƙiya biyu an ɗaure su da zare ɗaya. Na gama na dama na koma na hagu. Da saƙar ta sauko wajen wuyan hannu dole na kama hannun in juya shi. Rabona da riƙe hannun nan tun yana shan nono.

A nan na ga tabo, dogo, fari, daga gindin babban yatsa ya nufi sama. Ba ƙaramin yanka ba ne. Ba wanda ya taɓa gaya mini, kuma ni ce na nuna musu ba na son a gaya mini. Kwarashi ya tsaya a hannuna. Ban dube shi ba, kakarsa na duba.

"Inna, mi ya samu hannun wanga?"

Kafin ta buɗe baki, shi ya amsa, a hankali, fuskarsa tana can gabas.

"Kaka, ki ce mata lauje ne, wajen yankan shinkafa. Ki ce mata ya daɗe da warkewa, kar ta damu."

Tsohuwar ba ta maimaita ba, ta san na ji. Daga bakin kasuwa mota ta fara danna ham. Hannun rigar ya riga ya kai inda ya kamata ya kai, kowa yana gani, amma na ce da saura, na ci gaba da zagayawa ina riƙe da shi, hawaye yana ɗiga a kan ulun. Maigidan ya ɗauki akwatin yaron ya yi gaba, bai ce mu yi sauri ba.