Shekara Ukun da Ba Nata Ba

Ɗiyata ta ci bak, jarrabawar ƙarshen lise, wato babbar sakandare, da maki mai kyau, kuma ba ta shiga karatun likita ba. Wuri bai cika ba, kanta bai gaza ba. Takarda ce ta ce ta tsufa. Ni na ba da takardar da hannuna, don haka duk mai son zagina ya zo ya yi, na riga shi. Amma in ya ƙare ya tsaya ya saurara, don ni ma ina da nawa zagin, kuma ba kaina kaɗai ya kamata ya sauka ba.

Garinmu ƙarami ne, cikin duwatsun wajen Deule. Ɗiyarmu ta fari naƙudarta ta zo da gardama, sai da munka ɗora uwar bisa amalanke munka kai ta gidan likita. Can anka haihe ta, can anka rubuta ta, daga baya anka ba ni takardar haihuwa mai hatimi. Na sa mata sunan uwata. Ba ta cika shekara biyu ba ƙyanda ta ɗauke ta. Munka binne ta kafin magariba, kowa ya koma gidanshi. A wurinmu ba a rubuta mutuwar yaro. Wa za ka je ka gaya wa? Takardar na jefa ta cikin adaka tare da katin haraji, na manta da ita.

Bayan shekara guda anka sake haihuwar mace. Wagga a ɗaki ta faɗo, hannun ungozoma, babu likita babu biro. Ranar suna gwaggona ta kira ni gefe ta ce sunan uwarka bai zauna gidan nan ba, a maida shi. Haka ake yi, ba mu munka fara ba. Anka maida. Suna guda, uba guda, uwa guda. Ni ban taɓa kiran sunan da bakina ba, "uwata" nake ce mata har yau.

Ta shiga lakwal, makarantar boko, da wuri don ba ta barin kowa ya huta da tambaya. Ajinsu na kara ne, saboda haka ba a buɗe shi sai an yi girbi an samu karan da za a kafa shi. Ƴan birni sun yi wata biyu suna karatu, namu suna jiran gero ya bushe. Duk da haka ta kai aji shida ba ta maimaita ba.

Shekarar nan mushe, darektan lakwal ɗin, ya tara mu iyaye ya ce duk yaron da ba shi da takardar haihuwa ba zai rubuta jarrabawa ba, kuma ranar Juma'a zai kai sunaye. Wanda ba shi da ita ya tahi wurin alƙali da shaidu biyu a yi mishi. Ni lokacin ina gyaran rumbu, jakina ya gurgunce, kuma shaidu biyu ba su tahiya da ƙafa don Allah. Na zo gida na buɗe adaka, ga takarda tana kallona.

Mushe ya juya ta, ya dube ni.

"Malam, wagga tata ce?"

"Karanta sunan mana. Ba nata ba ne?"

"Nata ne."

"Sunan uba fa?"

"Naka ne. Sai dai shekarun sun ɗan yi yawa."

"Ci take yi ba ta girma," na ce mishi.

Ya yi dariya, ya sa ta cikin dosiye, fayil ɗin takardunta. Yana da yara talatin da ba su da ko guntun takarda, ga mutum ya kawo mai hatimi. Ban ga laifinshi ba. Na fito ina jin na yi wayo. Aji uku na yi a lakwal kafin a fidda ni, abin da na sani game da takarda shi ne in jandarma ya tambaya ka nuna. Ban san tana bin mutum tana ƙirga mishi kwana ba.

Daga nan shekarun wadda ta rasu sunka hau kan mai rai. Da su ta yi kwaleji, da su ta tahi lise a Madawa tana zaune gidan ƙanwata. Shekara guda ta lalace gaba ɗaya, malamai na yajin aiki, yara na yajin aiki, har anka ce kowa ya maimaita. Bak na farko ta faɗi, don rabin shekara ba su da malamin lissahi. Na biyu ta ci, ta ci da kyau. Tun tana ƙarama likita take so, ba ta taɓa faɗin wani abu ba.

Yanzu neman shiga jami'ar gwamnati ta na'ura ake yi. Ta je wani shago a Madawa inda ake cika wa mutane. Ina gona ta kira ni.

"Baba, wace shekara anka haihe ni?"

"Shekarar da rijiyar gabas ta rufta. Mi ya faru, uwata?"

"Na'ura ta ƙi ni. Duk sanda anka sa ranar haihuwata a wurin likita sai ta rufe. Wai akwai iyakar shekaru, kuma na wuce da wata biyar."

Wata biyar. Na zauna bisa kunyar gona.

Ita ta daɗe da sanin takardarta ta girme ta, amma ta ɗauka kuskuren marubuta ne, irin wanda rabin ajinsu ke yawo da shi. Ta san an yi wata kafin ita. Ba ta san takardar wa take riƙe da ita ba. A waya na gaya mata, don ba zan iya a gabanta ba. Sannan ta ce, "Ashe duk jarrabawar nan ita ke ci." Ta kashe.

Na sayar da tunkiya munka shiga mota zuwa birnin da jami'ar take. Ban taɓa ganin layi irin wannan ba, yara da dosiye a ka suna kare rana. Munka kai taga bayan azahar. Wata mata ce da tabarau, ba ta wulaƙanta mu ba, gaskiya ba zan yi mata ƙarya ba. Na ce:

"Hajiya, dube ta don Allah. Ki dubi fuskarta. Wagga ta yi kama da mai waɗannan shekaru?"

"Baba, na gan ta. Yarinya ce. Amma ba fuska nake rubutawa ba."

"To wa zan gani? Ina babbanku?"

"Ko shi ba zai iya ba. Doka ce. Ba a nan anka yi ta ba."

"A ina anka yi ta? In je can."

Yaran da ke bayanmu sunka fashe da dariya. Wani ya ce, "Tsoho zai je ya kama doka da hannu." Ɗiyata ta ja mini riga. Matar ta duƙo ta rage murya ta ce in takardar ba daidai take ba, alƙali kaɗai ke gyara ta, amma mu yi sauri, kwana goma sha biyu sunka rage a rufe.

Munka dawo gida. Sai da na nemi shaidu biyun da na guje wa tun farko. Ungozoma ta rasu, gwaggona ta rasu. Na samu taubashina, ɗan kawuna, wanda shi ya yanka ragon sunan duka biyun. Tun daga ƙofar gida ya fara.

"Kai bawa, dama na san rowarka za ta kashe ka. Mutane na gadon riga, kai ka sa yarinya gadon shekaru."

"Rufa mini baki ka sa takalmi."

"In rufa? Yau ni ne ubangidanka gaban alƙali. Goro biyu, kuma kai za ka riƙe mini sanda."

Shaida ta biyu ita ce matata. Tun ranar da munka binne ta fari ban taɓa jin ta ambace ta ba, ko sau ɗaya. Ɗan fari ko yana raye uwa ba ta maganarshi gaban mutane, balle wanda ya tahi. Na same ta tana tankaɗe na gaya mata. Ba ta ɗago ba.

"Malam, in je gaban maza in faɗi wannan?"

"Don wagga da ke raye."

"Sanda ka buɗe adaka ka tambaye ni?"

Da sahe na tarar ta riga mu shiri, ta yafa mayahi tana tsaye bakin zaure.

Magatakardan alƙali saurayi ne, ya saurare mu har ƙarshe. Ya ɗauki biro ya tambayi matata ranar da yarinyar ta rasu.

"Laraba," ta ce. "Da la'asar. Ina daka."

"Inna, wane wata? Wace shekara?"

"Laraba ce."



Saurayin ya aje biro ya yi muna bayani a hankali. Ana iya gyarawa. Da farko a tabbatar da mutuwar ta fari, a yi mata takardar mutuwa. Sannan a yi wa wagga sabuwar takardar haihuwa. Sannan a bi takardun jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, daga ta aji shida har bak, a canza ranar da ke kansu, kuma wannan ba a nan ake yi ba, sai can sama. Na ce kwana nawa? Ya ce in daina maganar kwana, in yi maganar watanni, ƙila fiye da shekara. Kuma in an gama, bak ɗinta ya zama na bara, sababbi ake fara ɗauka. Ya ƙara da cewa dole in tsaya gaban alƙali in ce da sanina na ba da takardar wani mutum, kuma shi ba zai iya rantse mini cewa ba wanda zai tada tambaya a kan bak ɗin kanshi ba, tunda da waccan takarda anka rubuta shi.

Na ce a rubuta, ni zan tsaya, in ɗauri ne a ɗaure ni. Ɗiyata ta ce a'a.

"Baba, shekara biyu na yi ina neman bak ɗin nan. Ba zan sa shi bisa tebur ba."

"Uwata, likitan fa?"

"A bar shi."

Ta tattara dosiyenta ta riga mu fita.

To yanzu ga nawa zagin. Wanda ya zauna ya yanke iyakar shekarun nan, a ina anka haihe shi? Na san amsa. A ɗakin da ke da agogo a bango da mai rubutawa a gefe. Ɗanshi ya shiga aji ranar da anka buɗe, ajin siminti, malami na ciki. Bai taɓa jiran kara ba. In malamai sunka yi yaji, ya maida shi lakwal ta kuɗi. Sannan ya ɗauki ma'auni guda ya ce da shi za a auna ɗanshi da ɗiyata, wai adalci ke nan. Ku cire shekara ukun da na ɗora mata, wannan nawa ne, na ɗauka. Shekarar da anka soke fa, wa ya ci ta? Rabin shekarar da babu malamin lissahi, ni na kore shi? In da ba a ci mata waɗannan ba, ko da takardar ƙaryar ta shiga. Wata biyar ne fa. Gwamnati ta ci mata shekara biyu, ta dawo ta hana ta don wata biyar.

Kuma wannan doka, wa ya taɓa zuwa ya karanta muna ita? In lokacin zaɓe ne mota da lasifika har bayan dutse tana samunmu. In allurar yara ce gida gida ake bi. Amma abin da zai rufe wa yaro ƙofa bayan shekara goma sha biyar yana wahala, wannan sai ranar da ya iso bakin ƙofar zai ji shi, daga bakin na'ura. Ba ni kaɗai ba ne. Ku zo Garhanga, ku zo Allakaye, ku buɗe adakun mutane. Wani da takardar wanshi yake yawo, wani an rage mishi shekaru, wani an ƙara, wani marubuci ne ya dubi tsawonshi ya yanka. Duk ƙasar nan an san haka, har masu yin dokar sun sani, don kakanninsu ma haka suke. Sun san takardunmu zato ne, sunka gina doka a kansu kamar dutse.

Kwana biyu kafin a rufe ta koma shagon nan na Madawa ta cika fannin noma, don shi ba a sa mishi iyaka ba. An ɗauke ta nan take. Shekararta ta biyu ke nan. Tana ci, ba ta faɗuwa, ba ta kuma yi mini maganar ba. In ta zo hutu takan bi ni gona ta ɗebi ƙasa ta murza ta ce wurin nan ya gaji, in huta da shi. Ina cewa to.

Matan gari ba su gane bambancin ba. Sun ji tana jami'a, shi ke nan. Hutun da ya wuce wata maƙwabciya ta shigo da jariri jikinshi kamar wuta, ta miƙa mata shi ta ce ki duba mini. Ɗiyata ta karɓe shi, ta taɓa goshinshi, ta ɗaga fatar idonshi ta duba, ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta maida mata ta ce, "Inna, ni ba likita ba ce. Ki tashi yanzu ki kai shi gidan likita, kar ki jira la'asar." Ta juyo ta ce mini in ɗaura wa jaki amalanke.