Ƙunshin da Aka Rataye a Simsim

Mun tashi da asuba daga Gadarif zuwa gonakin Simsim, mu uku a motar ofis: ni, direba, da wani ma'aikacin ɗakin buga takardu. A bayan mota akwai takardun gargaɗi cikin ajami, waɗanda ni na rubuta. Saƙonsu ɗaya ne: irin dawar bana an shafa masa maganin ƙwari, shi ya sa ya yi ja. Na shuka ne, ba a cinsa ko an wanke. Mako biyu ke nan da muka aika kashin farko Simsim, shaidar karɓa ta dawo da sa hannu. Sai wani direban lori ya ce mini bai ga ko ɗaya a hannun leburori ba. Maganar nan ce ta hana ni zama.

Hadari ya haɗo ta gabas. Wanda ya san baƙar lakar nan ya san ruwa ɗaya kan rufe hanya kwana da kwanaki, don haka direba ya fi duban sama a kan duban gabansa. Gonaki sun miƙe har ƙarshen gani, taraktoci na ta huɗa. Mun tsaya wurin wata mai shayi, kofinta ya ninka na gari tsada. Ta ce kuɗin laka ne, tana karɓa tun kafin lakar ta zo. An kawo kisra, wato siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa, na ci ban san me na ci ba.

Gab da azahar muka isa kambo, wato sansanin ma'aikatan gona. Shugabansu dattijo ne, jikan alhazan da suka taho daga yamma. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, takardunmu sun iso?"

"Lafiya lau, Ustaz. Ko ƙura ba ta taɓa su ba."

Ya kai mu masallacinsu na zana, ya nuna sama. Ga ƙunshin nan a rataye jikin azara, an naɗe shi da farin ƙyalle, igiyarmu ma an mayar yadda take.

"Da Bismillah suka fara," in ji shi. "In raba wa mutanen da hannunsu ke cike da baƙin mai? Gobe ka ga an ƙunsa gishiri a ciki."

Ma'aikacin ɗakin buga takardun ya sunkuyar da kai. Haka muke buɗe kowace takardar hukuma, ba mu taɓa tunanin komai a kai ba.

Na tambayi inda irin yake. Ashe abincin kambo bai iso daga gari ba. A bayan rumfa muka tarar da mai dafa musu abinci ta jiƙa jan irin a rabin duro, tana tsiyaye ruwa na uku.

"Inna, an ci?"

"Sai an niƙo da la'asar. Ja ne kawai, ɗana, ka ga yana fita."

Bayan salla na tsaya na karanta takardar da ƙarfi, a tsanake, yadda aka koya mini a gidan rediyo, har sau biyu. Aka haƙa rami aka binne jiƙaƙƙen hatsin, muka bar musu guzurinmu.  Dattijon da kansa ya sauko da ƙunshin, ya zaɓi masu karatu, ya ɗora su a tarakta zuwa sansanonin da ke kusa.

Ruwa ya riske mu a hanyar dawowa, muka shigo Gadarif cikin dare, laka har gwiwa. Abin da na koya shi ne, sa hannu shaida ce takarda ta isa, ba shaida ba ce an ji abin da ke cikinta. Na rubuta wa shugabanmu cewa daga yanzu kowane ƙunshi ya tafi da mai karanta shi.

Yau kwana biyu ana ruwa, hanya ta rufe. A kan teburina akwai shaidar karɓa daga wasu sansanoni biyu kudu da Simsim, kowace da sa hannu mai kyau.