Wasan Noman da Ya Ƙi Jira Na

'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci, yau na ƙi tashi daga shagon mutane a Dutse!

Na je wajen mai sa wasanni a waya. Akwai wani wasan noma mai rubutun Hausa, ina so in riƙa gwada karatuna da shi. Mai shagon ya ce, "Baba, ka biya kawai. In bai yi maka ba, ka dawo kafin la'asar a mayar maka da kuɗinka."

Na ce, "Ɗana, ni da nake bin harafi ɗaya-ɗaya, la'asar za ta same ni a shafin farko. Ba ni na gwaji tukuna."

Ya ce, "Duk wannan a kan wasan yara?"

Na jawo benci na zauna. Na ce ina nan har ya rufe. Da ya ga da gaske nake, ya buɗe na gwajin a wayarsa ya miƙo mini.

Rubutu ya fito. Ina cikin haɗa kalma ta biyu, ya ɓace. Wani ya fito, shi ma ya gudu.

Ya ce, "Baba, ai kai ne ba ka da sauri."

Na ce, "To bismilla, karanta mana."

Ya karɓa yana murmushi. Bai kai rabin layi ba, rubutun ya tsere masa! Wani mai keke da ke cajin waya ya tuntsire da dariya.

Da a gida ni kaɗai abin ya faru, kaina zan zarga, kunya kuma ta hana ni dawowa. Na miƙe da kuɗina a aljihu na ce, "Ran da ka samo mai jiran mutum ya gama karatu, ka neme ni."